Turmin Kaka da Tagar Hawa na Uku

Gidan da na girma a cikinsa a Makka ba na mutum ɗaya ba ne. Mutanenmu da suka zo a ƙasa ta Chadi da Sudan, suka yi aikin Hajji suka ƙi komawa, su ne suka haɗa hannu suka mallaki wani tsohon ginin dutse mai hawa huɗu a gangaren tsauni. Ƙofa talatin da 'yan kai ne a ciki, kowace ƙofa da iyalinta, kuma kowace ƙofa da bakinta a taron gida. Matakala ɗaya muke bi, ɗan garuwa ɗaya ke hawo mana da ruwa, a rufi ɗaya muke shanya. In aka soya albasa a hawa na biyu, na hawa na huɗu sun sani kafin ta yi ja. Ciki ba ya ɓoyuwa a gidan nan, faɗa ma haka, kuma ban taɓa jin wanda ya kwana da yunwa ba.

Ina 'yar shekara goma sha ɗaya mahaifina ya sami ƙofa a hawa na uku, tun kafin a fara faɗaɗa Harami. Kafin nan a bukkar kwano muke a bayan gari. Muka tare da kakata ta wajen uba, wadda nake kira Sitti irin na 'yan Makka, ita kuwa ta ce in ba Kaka zan ce ba in riƙe gaisuwata. Gwiwoyinta sun gama aiki, a kan kujera maza biyu suka hau da ita. Da aka sauke ta bakin taga ta leƙa, sai ta hango kan hasumiyar Harami tsakanin duwatsu biyu, ɗan tsito kamar yatsa. Ta daɗe tana kallo. Can ta ce shekara bakwai ta yi a hanya don ta ga wannan, a bar mata tabarmarta nan.

Abu na biyu da take ji da shi a duniya shi ne turminta na ƙirya. Daga ƙasar Kano ta taso da shi, ya hau jaki, ya hau kanta, ya ƙetare teku a jirgin ruwa. Mutanen Makka turminsu ɗan ƙarami ne na tagulla, na dakan gahawa. Namu kuwa sai mutum biyu sun kama.

Washegari da hantsi ta zauna a kan akwati, ta sa turmi tsakanin ƙafafu, ta hau surfen gero yadda ta saba yi a tsakar gida tun tana budurwa. Ko kusa ba mu tuna cewa ƙasan da ke ƙarƙashinmu rufin wani ne ba. Itace ne da ƙasa da farar ƙasa, kuma a ƙarƙashinsa akwai wani tsohon tela da ya zo ta Chadi, mai ɗinka fararen huluna. Mutum ne mai kunya. Kwana huɗu yana haƙuri, yana kaɗe huluna, matarsa na rufe tukunya da faifai. A rana ta biyar wani ɓamɓaroki ya faɗo cikin shayinsa.

Ranar Juma'a bayan la'asar ake taron gida a kan rufi, maza a tabarma, mata a bayan igiyar shanya suna jefo magana ta tsakanin zannuwa. Kofin shayin kawai tela ya kawo, da ɓamɓarokin a ciki, ya ajiye gaban shehun gida, wato dattijon da ƙofofi suka zaɓa. Aka yi dariya har da masu riƙe ciki. Ni ban yi ba, don na tsani telan nan a ranar, Allah ya yafe mini. Aka bi ƙofa ƙofa, kowa ya faɗi nasa, aka tsaya a kan cewa ba a ƙara daka a sama. Akwai ɗaki a ƙasa kusa da zaure, ba taga, ga awaki a maƙwabta. In Kaka na so ta koma can da zama ita da turminta, in kuwa ba ta so turmin ya sauko shi kaɗai. Aka ba ta kwana uku.

Kwana ukun nan gidan kaf ya shiga maganar. Wata ta ce ai gani ba ya cika ciki, ta bi turminta. Wata ta ce wa ya taɓa sayar da hasumiya da gero. Matar tela ta aiko da kwanon shinkafa da nama don a san ba gaba ba ce, Kaka ta ci ta ce gishiri ya yi kaɗan. Ni dai na ga yadda take zama, hannu ɗaya kan bakin turmi, ido a taga, abin ya riƙa ci mini rai. Na ce mata, "Ya Sitti, ma'alesh, yi haƙuri, ai ana sayar da gari a kasuwa." Ta kalle ni sama da ƙasa ta ce, "Ke da hannunki bai san komai ba sai yagar gurasa, me kika sani?"

A rana ta uku ta sa aka kira mahaifina ta ce a sauke shi. Ba ta kalli ƙofa ba lokacin da ake fita da shi.

Turmin ya zauna a zaure, kafin wata ya cika ya zama na kowa, kamar matakala. Mata suka yi masa layi, har da waɗanda aka haifa a nan ba su taɓa riƙe taɓarya ba. Ashe ramin matakalar nan yana kai sauti har sama. Kaka ta samu sabuwar sana'a. Tana zaune a tagarta, ta kunne take gane mai daka, ta yi ta aiko da hukunci: wannan matar tela ce, tana daka kamar mai neman gafara, waccan amaryar hawa na huɗu ce, a gaya mata turmi ba mijinta ba ne, ta daina huce haushi a kansa. Mata su yi ta shewa a ƙasa. Amma in an gama dariyar nakan ga tana murza tafin hannunta, inda kantar taɓarya ta fara laushi.

Lokacin Hajji ya zo, maza suka tafi Mina yin dako da yi wa alhazai jagora, gida ya zama na mata. Zaure ya yi sarari. Na roƙi matar tela ta riƙe mini sirri, na fara koyo da ɗan tsakin gero. Hannuna ya yi bororo, ya fashe, ya warke. Ba irin dakan matar tela nake so ba. Wanda ke cikin kunnena nake nema, na Kaka a bukkarmu ta bayan gari: bugu biyu, a jefa taɓarya sama, a tafa, a cafe. Sau nawa ta faɗo mini a ƙafa, Allah kaɗai ya sani.

Wata safiya abin ya zauna. Na yi ta yi ban tsaya ba, sai na lura ba a aiko da hukunci daga sama ba. Na ajiye taɓarya na hau da gudu. Na tarar da ita ta juya wa taga baya, karo na farko tun da muka tare, ta fuskanci ƙofa.

"Wace ce ke daka yanzu?" ta tambaya.

Na nuna mata tafin hannuna. Ta kama, ta shafa kantar da babban yatsanta, ta daɗe tana shafawa.

"Da na ce uwata ce ta biyo ni," in ji ta. Ta share ido da bakin mayafi. "Koma ki ƙarasa, gero ba ya jiran hira."

Na ce, "To, Kaka." Na sauka, na bar mata ƙofa a buɗe.