Barkar da Muka Kai Shiling

Mu 'yan Kano ba mu san ƙasa na motsi ba, sai dai a talabijin. Shi ya sa da aka yi wata babbar girgizar ƙasa can yankin duwatsu, muka ji ta tsallake ƙauyen su mutumin da ke ɗinka mana jakunkuna a garin Shiling, can ƙasar da muke zuwa sari, ta afka wa kwarin da ke maƙwabtaka da su, sai na ce wa abokin tafiyata, wani Bamaraɗe mai bakin tsiya, mu je barka. Mahaifiyar mutumin a ƙauyen take zaune. Muka ɗauki mota daga unguwar Sanyuanli inda muke sauka, har da ledar dabino.

Muka same shi tsaye cikin tulin fata, waya a hannu. Na washe baki na kira shi maigida da yarensu, na ce, "Loban, an auna arziki! Tsohuwa ta tsira, ƙasa kuma ta sauke fushinta, sai a kwantar da hankali."

Bamaraɗen ya ƙara da cewa ai bala'i ba ya bin hanya ɗaya sau biyu. Ban san inda ya samo wannan ba.

Mutumin bai yi dariya ba. Ya jawo wata jaka, ya tsinke ɗinkin hannunta guda, ya ɗaga ta. Da guntun Turancinsa ya ce in duba inda nauyin ya koma. Nauyin ya koma kan ɗinkin da ke kusa. Haka masana suka gaya musu, in ji shi: tsagar ƙasar da ta motsa ta huta, amma ta tura wani nauyin ga maƙwabciyarta, wadda ta bi ta ƙarƙashin ƙauyensu. Ko gobe za ta motsa, ko bayan jikoki, ba wanda ya sani.

Kunya ta rufe ni, tausayinsa ya kama ni. Ashe jaje ya kamata mu kawo.

Bayan nan ya yi ta lallashin mahaifiyarsa ta dawo wurinsa. Ta zo, ta ɗan kwana biyu, ta ce garin nan ba ya barci, kabarin mijinta kuma ba mai share shi. Tsofaffi ko'ina halinsu ɗaya. Tawa ma ta ƙi barin cikin gari. Da kansa ya raka tasa tashar jirgin ƙasa, ta koma ƙauye.

Tun daga nan, in muna ciniki wayarsa ta yi ƙara, sai ya saki duk abin da ke hannunsa. Ni da ba na jure jira, na koyi yin shiru har ya gama.

Shekaru sun shuɗe, ƙasar ba ta motsa ba. Tsohuwa na nan tana noman barkononta, an ce har ƙiba ta yi. Shi ne furfura ta cinye.