Gamaliel Tuck da Takardun Ƙarƙashin Burodi

Shekara talatin da ɗaya Gamaliel Tuck ya yi yana ba da waƙa ran Lahadi a majami'ar ƙauyenmu, Wendlow. Yawancin jama'a ba su iya karatu ba, don haka shi ke rera baiti, su amsa. Sauran kwanakin mako ɗinkin takalma yake yi.

Limaminmu na lokacin, Ambrose Hallet, mutum ne siriri mai yawan tari. Yakan rubuta waƙoƙi ga Almasihu, wasu na godiya, wasu kamar ƙorafin bara ga ubangidansa. Bai taɓa kai su ɗab'i ba. Gamaliel kaɗai yake karanta wa, in ya kai masa gyaran takalmi. Waƙa saba'in ce, Gamaliel ya ƙirga.

Liman ya rasu a damunar 1641. Ranar sadakar jana'iza aka miƙa wa Gamaliel burodin nama, ya juya shi, sai ga takarda manne a ƙasa, ta sha maiƙo. Rubutun marigayin ne.

Ya nufi ɗakin girki wurin Tamsin, ƙanwar liman.

"Uwargida, me kika shimfiɗa a kaskon gashi?"

"Takarda mana, Baba Gamaliel. Ko fatar takalminka za ka ba ni? Kowa da tsohuwar takarda yake gashi, kada burodi ya kama."

"Waƙoƙin yayanki ne!"

Ta dafe ƙirji. "Ni na san baƙi? Cewa ya yi tarkace ne."

"Saura nawa?"

Saura goma sha tara a kwando. Sauran ta raba wa maƙwabta.

Gamaliel ya rufe shago. Mako shida yana bi gida-gida, har rugar masu tumaki a bayan tudu. Matar maƙeri ta hango shi ta ce, "Ga mai lasar kasko ya iso! Yau yunwa ce ko ibada?"

"Duka biyun, 'yar nan. Ɗaga burodin in gani."

Ya tsinci wata takarda a bakin tulun zuma, wata an toshe hudar taga da ita. Yakan goge maiƙon da garin alli, ya shanya, ya kwafe da hannunsa mai kaushi. Ya sami hamsin da biyu. Sha takwas wuta ta ci.

Ɗaya daga cikin waɗanda ya samu, baiti biyu na ƙarshe sun ƙone. Sabon liman, mai digiri daga jami'a, ya ce zai cike su.

"Ranka ya daɗe, ba da kai suke magana ba, marigayin da Ubangijinsa," in ji Gamaliel.

Ya bar gurbin fari, ya ɗinke littafin da zaren takalmi, ya kulle shi a akwatin majami'a.