Goɗiyar da Ta Yi Mini Gwajin Birki

Jama'a, yau goɗiya ce ta ba ni lasisin babbar mota!

Kun san da safe na je gwajin tuƙi, kuma in na faɗi, aikin dakon simintin da ake riƙe mini a Legas ya wuce ni. Mai gwajin wani tsohon Bature ne, fuska ba annuri. Ya ce, "In na bugi gaban motar nan, ka taka birki nan take. Kafin nan kada ka tsaya."

Muka gangara wajen wata unguwa da ake kira Abbey Wood, a nan ƙasar Turawa. Hazo ya rufe ko'ina fari fat, kamar cikin auduga muke tafiya. Hankalina ya tafi gida. Wallahi sai na gan ni a hanyar Funtuwa da sassafe, har warin dabbobi nake ji ta taga. A can kuwa, in ka ji warin nan ba ka jira sai ka ga garke. Kawai ƙafata ta taka birki, ƙiiii!

Baturen ya daka mini tsawa, "Wa ya ce ka tsaya?"

Sai hazon ya ɗan yaye. Ga farar goɗiya tsaye a gaban motar, ɗanta yana shan nono! Ta dube mu, ta ja ɗanta, suka ɓace.

Baturen ya goge tabarau, ya ce a hankali, "To, gwajin birki dai an yi mana shi. Mu tafi, direba."

Direba fa ya ce!