Mai Kwalaben Kunu a Mushairib

Hajjo ɗaliba ce, kuma kusan kullum in ta fito daga jirgin ƙasa a tashar Mushairib ta birnin Doha tana ganin wani dattijo a kan benci. Kakin masu gadi ne a jikinsa, gemunsa ya yi furfura, takalminsa sai sheƙi yake.

Yau ya jera ƙananan kwalaben kunun zaƙi a gefensa, kowace da launin zaren da ya ɗaura mata a wuya. Yana kurɓar wannan, ya lumshe ido, ya kurkure baki da ruwa, sannan ya ɗauki waccan. Hajjo tana ayyana shi a ɗakin da ba mai jin yarensa, yana yayyafa wa hatsi ruwa a ƙarƙashin jiƙaƙƙen tsumma har ya tsira.

"Sannu, Baba," in ji ta.

Ya ɗago da sauri. "Kina jin Hausa? Zo, 'yata. Wannan da tsiron dawa na yi, wannan da na gero, wannan da na shinkafa. Wanne ya yi kama da na gida?"

"Ai kai za ka fi ni sani, Baba."

Ya miƙo mata kwalba ɗaya.

"Da na sani. Yanzu harshena ya manta."