Ranar da Wutar Tamaske Ta Koma Shuɗiya

Mun tashi da asuba daga Madawa, ni da abokin aikina da direba, kwalin matatun gaz a kan cinyata. Kaka ce. Duwatsun Adar suna fitowa ɗaya bayan ɗaya, dammunan gero jingine a gonaki. Na yi ta gyangyaɗi, ina ganin rumbunan ƙasa kamar manyan tuluna suna iyo a gefen hanya. A Buza muka sha hura. Mai cuku ta yi mana gyara, don direba ya rantse garinsu ɗaya da kakarta.

Kusa da Tamaske wata ƙungiyar manoma tana da ɗan laboratuwar, ɗaki guda, inda ake auna gishirin ruwan rijiyoyi. Na'urar da harshen wuta take aiki: a fesa masa ruwan, ita kuma ta karanta launinsa. Mako uku ke nan wutar tana rawa, launinta ya koma ja, awo ya ƙi tsayawa. Matar da ke kula da ɗakin ta ce ba za ta ba kowa sakamakon da ba ta yarda da shi ba.

A bakin ƙofa wani dattijo yana zaune da gorar ruwan sabuwar rijiyarsa.

"Ɗana, irin albasata ya isa dashe," in ji shi. "In ruwan ga na da kanwa, ku hwaɗa mini, kar in kashe shi da hannuna."

Na rufe tukunyar gaz, na kwance tiyo. Cikinsa duk danshi da tsatsa. Na goge, na ɗaura sabuwar matatar gaz, kibiyar da ke jikinta tana kallon na'ura, sannan na shafa ruwan sabulu a kowace mahaɗa. Ɗaya ta yi kumfa, na ƙara matse ta. Na nuna wa matar ƙwayoyin da ke cikin matatar: shuɗɗa ne, ranar da suka koma ruwan hoda sai a sauya.

Ta kunna. Wutar ta miƙe shuɗiya, shiru, ko motsi babu. Mun daɗe muna kallonta, har na manta inda nake.

Sau uku ta auna ruwan dattijon kafin ta leƙa waje.

"Baba, ruwanka lahiya lau. Ka dasa."

Dattijon ya ɗaga gorar, ya shanye sauran, ya yi hamdala, ya nemi takalmansa.

Ana kiran magariba muka shigo Madawa. Na shekara da shekaru ina ɗaura matatu ban san masu jiran awon ba. Yanzu na san fuskar mutum ɗaya, kuma duk mahaɗar da zan matse, sai na sake duba ta sau biyu.