Gaisuwar da Idi direba ya daina amsawa

Ina isowa tasha a Konni da safen nan aka tare ni da labari: Idi direba ya rasu. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Jiya da la'asar, a wata mararraba kan hanyar Illela, babbar mota ta fito masa ta dama. Waɗanda suka gani sun ce ko birki bai taka ba.

Shekara da shekaru muna jan taksi tare. Ranar da tayata ta fashe kusa da Malbaza, shi ya tsaya ya ciro mini safayarsa, fasinjojinsa na ta mita.

Idi ba ya wuce mutum a bakin hanya bai ɗaga masa hannu ba. Sai bara ya daina. Mutanen garin Tajaye da ke bakin hanyarmu su ɗaga masa hannu, ya wuce abinsa. Aka ce tunda ya sake mota girman kai ya shige shi. A tasha kuma aka laƙaba masa Mujiya, don ya koma sai ya juya kai gaba ɗaya kafin ya duba madubi.

Makon jiya muna shan shayi ya ce mini, "Sani, ni hwa ba wulaƙanci nika yi ba. Abin da ag gabana ina gani garau. Na gehe ne babu."

Likita ya gaya masa hawan jinin ido ne. Daga gefe yake cin gani, ba zafi, ba yana, ido fes kamar na mai lafiya. Kuma yana bin dangi.

Na ce ya ajiye tuƙi. Ya ce, "Bari dai Sallah ta wuce."

Ɗazu a wurin zaman makoki na zauna gefen ƙanensa Hamisu, shi ma direba ne. Na miƙa masa hannu. Hannuna ya daɗe a miƙe. Sai da na kira sunansa, sannan ya juyo da kai gaba ɗaya.

Wallahi sak yadda Idi yake yi. Bayan sadakar uku zai koma kan hanya.

Allah Ya jiƙan Idi, Ya haskaka kabarinsa, Ya yafe wa waɗanda suka zarge shi. Duk wanda ya karanta, ya sa shi a addu'a. Ku sa Hamisu ma, Allah Ya sa ya yarda ya bi ni asibiti kafin ya sake riƙe sitiyari.