Dokin Ƙofar Baba Yakubu

Har yau ban manta da ranar da aka aike ni Makera cire dokin ƙofa ba. Lokacin ina sashen ƙofofi a wani kamfanin katako da ke Kudenda, damina ta kankama. Shugaban sashenmu, Oga Emeka, ya ce wata mata ce ta bugo waya, aikin ba zai ɗauke ni lokaci ba.

A wurinmu kafintoci, dokin ƙofa shi ne katakon da ke kwance a ƙasa yana riƙe ƙafafun firam, wato katakon da ya kewaye ƙofa, kada su buɗe. A wurin magina kuwa, tudun siminti ne da ake tayarwa a bakin ɗaki don tare ruwa. Gidan da na je, duka biyun suna nan.

Matar, Mama Asabe, ta nuna mini mijinta, Baba Yakubu, tsohon ma'aikacin masaƙa. Shanyewar ɓarin jiki ta zaunar da shi a keken guragu. Tun da aka sallamo shi daga asibiti bai fita tsakar gida ba, sai ranar da aka sami maza biyu su ɗaga shi.

Ta ce, "Malam, ka fasa duka. Mutum ba ya ko ganin rana."

Baba ya ɗaga hannunsa mai lafiya. Maganarsa na fita da ƙyar. "Da hannuna na gina na simintin. Ka fasa, ruwan kwata ya shigo, wa zai kwashe? Ita kaɗai?"

Na kira Oga na yi masa bayani. Ya ce in yi abin da ba za a sake kiranmu a kansa ba.

Na cire na katakon, na kafe ƙafafun firam a bango da ƙarfe. Na simintin na bar shi, na ɗora masa gangara ta katako ciki da waje. Mama Asabe ta tura keken, ya haye, ya sauka tsakar gida. Baba ya daɗe yana kallon bishiyar gwaibarsa. Sannan ya ce katakon zai yi santsi in an yi ruwa, in buga masa ƙananan sanduna a gicciye. Na buga.

Shi ya sa nake gaya wa sababbin ma'aikata, in an kira muku sunan abu a waya, kada ku ɗauki guduma tukuna. Ku je ku ga masu tsallaka shi kullum.